Yadda za ka kalli ɗan tsako yana tsara jikinshi cikin ƙwai, mataki-mataki

Duk ɗan lise da ya zauna ajin SVT ya ji mushe yana cewa selil ɗin jikin dabba, wato ƙananan ƙwayoyin da suka haɗu suka yi jiki, gaba ɗaya jen iri ɗaya, wato umarnin halitta da ake gado, suke ɗauke da shi, na ido da na hanta da na yatsa duk ɗaya ne. To in haka ne mi ya sa wannan ya zama ido wancan ya zama yatsa, kuma mi ya hana ido fitowa a gwiwa? Amsar ita ce kowane selil yana gane wurin da yake zaune ta hanyar wasu sinadarai da maƙwabtanshi ke saki, ana kiransu morfojen, yawancinsu furotin ne. Wanda ke kusa da mafitar sinadarin yana samun da yawa, na nesa kaɗan, kuma yawan da ya samu da daɗewar da ya yi yana samu su ke kunna mishi wasu jen su kashe wasu. Abin da ke ɓata min rai shi ne yaranmu na nan Tawa haddace wannan suke yi saboda jarabawar bak alhali kaji na yawo a tsakar gidan kowa, kuma ƙwan kaza na cikin manyan abubuwan da masana suka yi aiki da su har suka gano wannan ilimi. Ga yadda za ka yi, ko kai ɗalibi ne ko malami ko mai kiwo da ke son sani kawai.

Mataki na farko, samo ƙwan da ya dace

Ƙwan kanti na kajin gona da ake saidawa a plato ba zai yi ba, babu zakara a wurinsu, ko wata guda ka ɗumama shi ruɓewa kawai zai yi. Ka nemi na kazar gida mai yawo da zakara, wanda bai wuce kwana 7 da sakawa ba, ka samu kamar 10 zuwa 12 don wasu ba za su kama ba. Matsalarmu a nan zafi ne, a watan Afrilu da Mayu da ake wuce digiri 40 ƙwai na fara aiki tun yana cikin kwando sannan ya tsaya ya mutu, shi ya sa lokacin ɗari ya fi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. In dole sai da zafi za ka yi to ka aje su gindin randa inda ke da sanyi kuma kar su daɗe. Kar ka wanke su da ruwa, akwai wani ɗan rufi a jikin ɓawon da ke tare ƙwayoyin cuta.

Wajen ɗumamawa ni kaza mai kwanci na fi so, ba ruwanta da kuran ya ɗauke ko bai ɗauke ba, kuma da kanta take juya su. Wanda ke da kubez, wato injin ɗumama ƙwai, ya sa ta digiri 37.5 zuwa 38, da ɗan kwano na ruwa a ciki saboda iskarmu busasshiya ce, ana juya ƙwan aƙalla sau 3 a wuni. Ka ɗauki kiriyon ka rubuta rana da awa a jikin kowane ƙwai lokacin da ka sa shi, wannan rubutun kar ka raina shi don a kwanakin farko awa 6 ma bambanci ne babba. Kwanan kaza 21 ne, na zabo 26 zuwa 28, kar ka gauraya su lissafi zai rikice.

Sauran kaya: tocila mai haske sosai ko ta waya, kwali, sikoc mai faɗi, ƙaramin almakashi mai tsini, sirinji sabo da allurarshi, alkol, ruwan gishiri na farmasi irin wanda ake wanke ido da hanci da shi, farin kwano, lup wato gilashin ƙara girman abu, da kaye na zane.

Mataki na biyu, kafin ƙwan su yi nisa ka ga yadda sinadari ke bazuwa

Dafa ƙwai uku na kanti su dahu sosai, ka ɓare, ka jefa su cikin bisap mai kauri ba sukari ko ruwan kalar abinci. Ciro ɗaya bayan awa 1, na biyu bayan awa 4, na uku ya kwana. Ka raba kowanne biyu da reza ka duba farin. Bakin waje ya rine sosai, yana shiga ciki yana dusashewa har ya koma fari tas, kuma ba layi ne ya raba su ba, a hankali yake raguwa. In kalar ta juya shuɗi-shuɗi ba komai, farin ƙwai ne ke canza ta. Auna zurfin da regil. Na awa 4 bai ninka na awa 1 sau huɗu ba, wajen sau biyu ne, domin bazuwa irin wannan in kana son ta ninka nisa sai ka ba ta lokaci ninki huɗu. Wannan shi ya sa duk wani tsari na jiki ake yanke shi tun ɗan tayi na ƙanƙane, wurin da ake rabawa bai kai milimita 1 ba, in ya girma saƙon ba zai isa ba. Francis Crick ya yi wannan lissafin a 1970.

Sunan morfojen daga Alan Turing ya fito a 1952, masanin lissafin nan na Ingila. Lewis Wolpert kuma, haifaffen Afirka ta Kudu, shi ya kawo bayanin nan a ƙarshen shekarun 1960 da tutar Faransa mai kala uku. Mu ɗauki tamu ta Nijar: jera selil a layi daga sama zuwa ƙasa, sinadarin na fitowa daga sama, duk wanda ya samu da yawa ya zama ruwan lemu, mai matsakaici ya zama fari, mai kaɗan ya zama kore. Sinadari guda, kala uku, kuma ko tutar ta yi tsawo ko ta gajarta tsarin na nan. An daɗe ana gardama ko akwai irin wannan sinadari da gaske sai a 1988 Christiane Nüsslein-Volhard da Wolfgang Driever a Jamus suka nuna shi a ƙwan ɗan ƙudan nan da ke bin ruɓaɓɓen mangwaro da ayaba, furotin ne mai suna Bicoid, yana da yawa ta gefen da kai zai fito yana raguwa zuwa baya, da aka ɗora shi a wani wuri sai kai ya fito a can. Christiane ta samu kyautar Nobel a 1995 tare da Eric Wieschaus da Edward Lewis.

Mataki na uku, haska ƙwai

Wannan ba ya kashe komai don haka kowa ya fara da shi. Ka huda rami a kwali ɗan ƙasa da faɗin ƙwai, tocila a ƙasa, ƙwai a bisa ramin, cikin ɗaki mai duhu ko da dare. Kwana na 4 zuwa 5 za ka ga jan ɗigo da jijiyoyin jini sun bazu kewaye da shi, kwana na 7 baƙin ɗigon ido ya fito har motsi za ka gani. Wanda ya fito garau babu komai bai kama ba, mai jan zobe kewaye ya fara ya mutu, ka fidda su. Kar ƙwai ya wuce minti 5 a waje, kuma ka bi kazar a hankali, da dare ta fi haƙuri.

Mataki na huɗu, buɗe taga

Nan sai an yi magana ta gaskiya, ƙwan da ka buɗe da wuya ya kai ƙyanƙyasa a irin kayan da muke da su. Rai ne Allah ya fara halitta, ba abin wasa ba ne, saboda haka aji guda ƙwai 4 ko 5 sun isa kowa ya leƙa, kuma ni ba na buɗe wanda ya wuce kwana 8, daga nan haskawa kawai.

Ka kwantar da ƙwan a kan gefenshi bisa zoben tsumma ka bar shi minti 10 ba motsi, ɗan tayin kullum yana tasowa saman gwaiduwa, sai ka sa alama a saman. Goge da alkol kaɗan. Ta gefen da ya fi faɗi ka huda ɗan rami, ka soka allura tana kallon ƙasa sosai don kar ta fasa gwaiduwa, ka zuƙe farin ƙwai mililita 3 zuwa 4, ka toshe ramin da sikoc. Zuƙewar nan ita ke sa gwaiduwa ta sauka ta rabu da ɓawo, in ka tsallake ta almakashi zai yanki ɗan tayin. Manna sikoc a saman inda ka yi alama don ɓawon kar ya zube ciki, ka yanke taga mai faɗin santimita 1.5 zuwa 2 da bakin almakashi kawai. Ɗiga ruwan gishiri mai ɗumi digo biyu uku, ka haska daga gefe ba daga sama ba, ka duba da lup ko ka ɗora kamarar waya a bayan lup ɗin ka ɗauka. In ka gama ka rufe tagar da sikoc ruf ba ƙofar iska. Wanda aka yi wa taga ba ya komawa ƙarƙashin kaza, sai kubez kuma ba a juya shi, taga na sama. Wanda ba shi da kubez sai ya buɗe ɗaya kwana na 2, ɗaya na 3, ɗaya na 5, ɗaya na 7 ko 8.

Mataki na biyar, abin da za ka nema

Masana na bin jerin matakai 46 da Viktor Hamburger da Howard Hamilton suka tsara a 1951, hotunan na nan a intanet, ka sauke su a waya ka riƙa gwadawa da naka don awa kaɗai na iya yaudara, wani ƙwan na gaba wani na baya.

Wajen awa 18 zuwa 20 abin da ke akwai ɗan farin faifai ne da siririn layi a tsakiya, da lup da kyar ake ganinshi. A kan layin akwai ɗan ƙulli da ake kira ƙullin Hensen, shi ne mai ba da umarni. Irinshi Hilde Mangold da Hans Spemann suka gano a 1924 a ƙwan wata dabbar ruwa dangin kwaɗo, Hilde ta yanko ɗan guntun wurin ta dasa a cikin wani ɗan tayi sai ga jiki na biyu ya fito da kai da baya, kuma yawancin naman jikin na biyun na mai masaukin ne, guntun umarni kawai ya bayar. Ita ta rasu a shekarar tana da shekara 25 sakamakon gobarar risho, Spemann ya karɓi Nobel a 1935. Daga baya aka gano wurin na sakin furotin irin su Noggin da Chordin masu tare wani saƙo da ake kira BMP, inda aka tare shi nan ƙwaƙwalwa da laka ke fitowa, inda ba a tare ba fata.

Kwana na 2, wajen awa 40 zuwa 48, nan ne aji ke yin tsit. Zuciya na bugawa, ba ta ma gama zama zuciya ba, bututu ce da ta lanƙwashe, ka lura ta wane gefe ta lanƙwasa, gefen dama na ɗan tayin, kusan kowane ƙwai haka. Dalili tun a ƙullin Hensen ne, a kaza saƙon Sonic hedgehog, a taƙaice Shh, yana tsayawa gefen hagu ya kunna wani mai suna Nodal a hagun kawai, an nuna haka a 1995 a ɗakin binciken Cliff Tabin a Harvard. Sannan ka duba bayan, akwai ƙananan dunƙule jere biyu-biyu hagu da dama, su ne somit, daga su ƙashin baya da haƙarƙari da tsoka ke fitowa. Sabon biyu na fitowa duk minti 90, in kana da kubez ka ƙirga su ka rufe ka dawo bayan awa 3 ka sake ƙirgawa, biyu-biyu har sau biyu sun ƙaru. Wani agogo ne a cikin selil ɗin ke zagayawa, ga kuma wasu saƙonni, FGF da Wnt, masu yawa a wutsiya suna hana su dunƙulewa, sai wutsiya ta yi nisa saƙon ya ragu sannan su yanke.

Bututun da ke tsakanin somit ɗin shi ne laka. Ba za ka ga saƙon da ido ba amma ka san abin da ke faruwa: daga ƙasa wata sanda mai suna notokod na tura Shh, daga sama BMP da Wnt na saukowa, selil ɗin da ke kusa da ƙasa suka samu Shh da ɗan yawa su ke zama jijiyoyin da ke motsa tsoka, na sama su zama masu karɓar saƙon ji daga jiki.

Kwana na 3 ƴan kumburi huɗu sun fito a gefe, biyu fiffike biyu ƙafa, kuma a nan nake son ka daɗe don babu inda aka fi fahimtar wannan ilimi kamar fiffiken kaza. Da farko ka je wajen mai gasa kaji ka sayi fiffike ka cinye ka wanke ƙasusuwan ka jera: ƙashi ɗaya a sama, biyu a tsakiya, sai yatsu uku a ƙarshe waɗanda ba su yi kama da juna ba, ƙarami ta gaba, dogo a tsakiya, wani gajere ta baya. Hannunka ma haka yake, ɗaya, biyu, sai yatsu. Duk wannan daga kumburin nan ne da bai kai ƙwayar gero biyu ba. A bakin kumburin akwai ɗan tudu siriri mai sakin FGF, shi ke cewa a ci gaba da tsawo. John Saunders a 1948 ya cire tudun, in ya cire da wuri ƙashin sama kawai ke fitowa, in ya jinkirta sai a samu har na tsakiya amma babu yatsu. A shekarun 1990 aka cire tudun aka maye gurbinshi da ɗan ƙwallo da aka jiƙa da FGF, fiffike ya ci gaba da girma. Ta bayan kumburin kuma, gefen da ke kallon wutsiya, akwai wani ɗan gungu na selil da ke faɗin wane yatsa ne zai zama wane. A 1968 Saunders da Mary Gasseling suka yanko gungun daga wani ƙwai suka dasa ta gaba, fiffike ya fito da yatsu shida suna kallon juna kamar a madubi, in aka ba su lamba 4-3-2-2-3-4 maimakon 2-3-4. Cheryll Tickle ta zo ta rage yawan selil ɗin da ake dasawa, in kaɗan ne ƙarin yatsa na 2 kawai ake samu, in an ƙara sai na 3, sai na 4, wato yawan saƙo ke zaɓen yatsa. Sai 1993 aka gano sinadarin Shh ne. Ka zana kumburin a kayenka ka yi ɗigo ta baya ka shafa kiriyon yana dusashewa zuwa gaba, ka aje kusa da yankakken ƙwan bisap ɗinka, abu guda ne.

Masu cindo ma a nan labarinsu yake. Wani irin, wanda ke fitowa ta gefen babban yatsa, canji ne a wani makunni na jen ɗin Shh da ke sa saƙon ya kunnu ta gaba inda bai kamata ba, haka yake a mutane da kyanwa da wasu kaji masu yatsu biyar. Gado ne na jini, babu hannun maye ko laifin uwa a ciki.

Kwana na 5 zuwa 6 ƙafa ta zama kamar ɗan faranti, yatsun na ciki haɗe da fata. Kwana na 8 fatar tsakani ta fara ɓacewa don BMP ya umarci selil ɗin wurin su mutu. A agwagwa wani furotin mai suna Gremlin na tare BMP a tsakanin yatsu shi ya sa tata fatar ke zama, in ka samu ƙwan agwagwa ka gwada su gefe da gefe amma ka tuna nata ya fi jinkiri.

Masu kiwo da mata masu ciki, wannan ya shafe ku kai tsaye. A shekarun 1950 a jihar Idaho ta Amurka tumaki suka riƙa haifar ƴan raguna masu ido ɗaya a tsakiyar goshi, aka bi diddigi aka gano wata ciyawa ce mai suna Veratrum da suke ci wajen kwana na 14 da ɗaukar ciki, sinadarin cikinta na toshe hanyar Shh, shi kuwa Shh ne ke raba wurin ido gida biyu. A mutum bututun lakar nan da ka gani yana rufewa kafin kwana 28 da shigar ciki, lokacin da mace da yawa ba ta ma san tana da shi ba, shi ya sa ake son ta fara shan asid folik microgram 400 a rana tun kafin cikin, kuma kar ta sha maganin tebur ko na gargajiya da ba a san abin da ke ciki ba a watannin farko. Bitamin A mai yawa ma haɗari ne gare ta don jiki na maida shi asid retinoyik, wanda shi kanshi morfojen ne. Ƴan uwa mata ku je awon ciki da wuri ku tambayi ungozoma kafin ku haɗiyi komai.

Mataki na ƙarshe, fata da gashi

A ƙwan kwana na 8 ka haska bayan ɗan tsakon daga gefe, ƙananan ƙuraje ne jere reras, tazararsu daidai, kowanne gashi zai zama. Nan ba daga gefe guda saƙo ke zuwa ba, irin tsarin da Turing ya lissafa ne: kowane ƙurji na sakin FGF mai cewa a yi gashi a nan kusa, da BMP mai tafiya nesa kaɗan yana hana wani fitowa a gefenshi. Kazar nan mai wuya tsirara da muke gani a kasuwa, masu bincike a cibiyar Roslin ta Scotland sun nuna a 2011 cewa BMP12 ne ya yi mata yawa, fatar wuya kuma ta fi ko'ina jin wannan hani saboda asid retinoyik da ke wurin, shi ya sa wuyan kawai ya tuɓe, kuma irinta sun fi jure zafi. In a cikin ƙwanka akwai na irin wannan kaza ko zakara ka yi musu alama daban, ka duba wuyan a kwana na 8, sauran da ba ka buɗe ba ka bar wa kaza ta ƙyanƙyashe ka ƙirga nawa suka fito da wuya tsirara nawa da gashi ka rubuta.

Duk ƙwan da aka buɗe ba a ci, ba a ba kare ko kaji, a haƙa rami a binne da ɓawon duka, allura a sa cikin buta mai murfi a kai likita su zubar. Kowa ya wanke hannu da sabulu saboda salmonela, kuma in ana mutuwar kaji a unguwa ko an yi sanarwar murar tsuntsaye a dakata da aikin gaba ɗaya sai abin ya wuce.